Shekarar da Na Daina Cewa Jibi

Lokacin da kuka taru a gida don sunan ɗan 'yar'uwarku Nafisa, na fito zaure da safe na tarar an taɓa mini allon bango. Wani daga cikinku, ban tambaya ba kuma ba na son a faɗa mini, ya ɗauki alli ya gyara rubutun da ke can sama. Inda aka rubuta "Garman Ardo ya tafi", sai na ga an goge an mayar da shi "Garmar Ardo ta tafi". To, Allah ya yi wa mai gyara albarka, karatu bai tafi a banza ba. Amma kun ga na hau turmi na sa hannun riga na goge gyaran, na mayar da rubutun yadda yake da kuskurensa, kuka tsaya kuna kallon juna kuna tsammanin tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne. Na san garma mace ce tun kafin a haifi uwarku. Wannan kuskuren yana da mai shi, kuma tun da na ga har kun fara gyara shi ina raye, gara in rubuta muku labarinsa kafin wani ya zo da bokitin fenti bayan raina.

Kun taso kun ji mutanen Tudun Wada suna ce mini Alhaji Jibi, wasunku ma sun ɗauka sunan kakanni ne. Ba gadonsa na yi ba, da bakina na saye shi. Maƙerar da na gada daga mahaifina, Audu Maƙeri, ta lauje ce da fartanya da gatari. A hannuna ta girma, a shekarun nan da hayar tarakta ta gagari talaka, kowa ya koma wa shanun huɗa. Na sayi injin walda, na koyi haɗa garmar shanu da amalanke, har muka kai mu takwas a rumfar, ciki da ƙanena Ɗanladi. A ido dai ni ne maigida. Amma in ka zo da hantsi, ni za ka tarar tsugune gaban uwar maƙera da masaba a hannu, ni ne mai zuwa neman gawayin ƙirya, ni ne mai cinikin tsohon sifirin ɗin mota, ni ne mai amsa sallama, ni ne kuma mai tafiya ta'aziyya har Kiru da Bebeji. Duk rani muna gyaran ƙananan abubuwa muna hira. Ranar da ruwan farko ya sauka kuwa, sai duniya ta taso mana gaba ɗaya, kowa da karyayyar garmarsa a bayan keke, kowa yana so yau. Ni kuma Allah ya yi ni da kunyar ido, ba na iya kallon mutum in ce masa ba zai samu ba. Gobe ta yi kusa, za a kama ni. Mako ya yi nisa, zai ɓata rai. Sai in ce jibi. Kalma ce mai daɗin baki, mai ji ya tafi da murna, mai faɗa ya samu numfashi. Wallahi duk lokacin da na faɗe ta da niyyar cikawa nake faɗa, sai dai jibi ɗaya ce tak, ni kuwa na sayar da ita ga mutum talatin.

Wanda ya fara nuna mini abin ya wuce wasa shi ne Ardo Bello, shugaban wasu rugage da ke gefen dajin Falgore, makiyaya ne amma suna noman masara sosai. Tun zamanin iyayenmu, ƙarfen gidansu daga maƙerarmu yake fita, kuma duk bayan girbi Ardo yakan zo da ƙwaryar man shanu ya ajiye wa gidanmu. Ba ciniki ba ne, zumunci ne, mahaifina ya karɓa daga mahaifin Ardo, ni na karɓa daga shi Ardo. A daminar da nake ba ku labari, na riƙe garemaninsu kusan mako uku ina ta jibi, har lokacin huɗa ya wuce su, masararsu ta zo ba ƙwari. Bayan girbi Ardo ya zo kamar yadda ya saba, da sandarsa da malfarsa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare aka sake sabuwa. Bai ambaci masara ba, bai ambaci garma ba. Da zai tashi sai ya tsaya yana gyara igiyar malfa.

"Ɗan Audu," ya ce, "ashe hanyar Doguwa ma yanzu ta yi kyau. Yaranmu sun ce akwai wani maƙeri a can, wai hannunsa da sauri. Ni dai na ce musu a bari a ga damina ɗaya tukuna, don albarkacin Audu."

Na yi dariya na raka shi, na dawo cikin gida ina cewa Ardo ya zo lafiya lau. Uwarku Hajiya Rabi tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ina ƙwaryar?" ta ce.

"Wace ƙwarya?"

"Alhaji, shekara nawa ina juye man Ardo a gidan nan? Yau ya zo hannu rabbana, ya kuma ambaci maƙerin wani gari a zaurenka, kai kana dariya. Bafillace ba zai zage ka ba. Wannan ɗin da ka ji, shi ne zagin."

Sai a lokacin na gane. Na rasa abokan ciniki da yawa ban damu ba, kasuwa ce, wani ya tafi wani ya zo. Amma a ce abin da Audu Maƙeri ya riƙe har ya koma ga Allah, a hannuna ya tsinke, wannan ba zan iya ɗauka ba. Damina ɗaya aka ba ni, kuma na san halina sarai, in aka bar ni da kaina zan cinye ta da jibi.

Ana haka sai ga Malam Tanimu. Tsohon malamin firamare ne, mutumin ƙasar Zazzau, aiki ya kawo shi garinmu ya yi aure ya zauna, da ya yi ritaya ya koma lambunsa da ajin yaƙi da jahilci. A wannan ajin ya koya mini bokon da nake rubuta muku wannan da shi. Kun san tsakanin Kanawa da Zagezagi akwai wasa, to ni da Malam Tanimu ba ma haɗuwa mu rabu ba a yi ba. Shi ya ce Bakano ko a masallaci yana lissafin riba, ni in ce Bazazzagi bai san mace bai san namiji ba, don in yana magana sai ka ji "matana ya ce" da "rigan ya yage", alhali in ya riƙe alli a gaban ɗalibai Hausarsa tsaf take. Ya ba ni gyaran wata ƙaramar fartanyar lambu tun wata biyu da suka wuce. Ran nan sai ya zo da tabarmarsa a hammata, ya shimfiɗa a inuwar rumfa, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, Bakano. Na zo in jira jibin nan ne. Shekarana sittin da ɗoriya ban taɓa ganin kamanninsa ba, na ce yau dai in zauna har ya iso mu gaisa."

Ma'aikata suka fashe da dariya, ni ma na yi, don abokin wasa ba a fushi da shi. Bai tashi ba har azahar. Yana zaune yana kallon masu shiga da fita, yana ɗan zana wani abu a ƙasa da tsinke. Da muka fito daga salla sai ya ja ni ya nuna mini zanen, layi goma sha ɗaya.

"Mutum goma sha ɗaya ka ce wa jibi daga hantsi zuwa yanzu, kuma rani ake. Sau shida ka ajiye masaba don amsa sallama, ƙarfen ya huce, aka sake zuga. Kai ba maigida ba ne, Bakano, kai ɗan aiken duk wanda ya riga yin sallama ne."

"Malam, sana'armu ke nan," na ce. "Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."

"Gaskiya ne. Gawayin fa? Shi ma da zafi-zafi ake tara shi?"

Da wani ne ya faɗa mini haka a gaban rumfata, da mun kwashe ta ba daɗi. Amma Bazazzagi ne, al'ada ta ba shi bakin da ko yayana ba shi da shi a kaina. Na zauna a gefen tabarmarsa na kwashe maganar Ardo na faɗa masa. Kafin la'asar mun daidaita: zai riƙa zuwa zaurena kwana biyu a mako, Litinin da Alhamis, daga hantsi zuwa azahar, sauran kwanakin na lambunsa ne da ajinsa. Na tambaye shi me ya sa ya zaɓi waɗannan ranaku, ya ce ranakun azuminsa ne, don kada tuwon Kanawa ya shiga cikinsa ya koya masa rowa. Na ce alhamdu lillahi, na samu ma'aikacin da ba ya cin abinci. Uwarku kuwa ba ta yarda ba, duk Litinin da Alhamis sai ta aika masa da kunun buɗa baki har gida.

Litinin ɗin farko ya zo da tsofaffin batura a leda. Ya fasa su ya kwashe baƙin ciki, ya kwaɓa da ƙaro, ya shafe bangon zaure kamar yadda suke yi wa allon makaranta. Allon da kuke gani ke nan. Ya ja layi ya raba shi biyu, gefe ɗaya ya rubuta "Sai kai", ɗaya gefen "Ko ba kai". Sai ya sa na riƙa lissafo masa duk abin da nake yi a mako, yana jefa kowanne inda ya ga dama. Neman gawayi, ko ba kai. Amsa sallamar masu kawo gyara, ko ba kai, shi zai karɓa a ranakunsa ya rubuta sunan mutum da ranar da za a gama ta gaskiya. Wasiƙar mai kawo mana ƙarfe daga Kano, shi zai rubuta ya ba direban mota. Duk ina ta gyaɗa kai, har ya ɗaga alli ya rubuta "dukan ƙarfe" a ƙarƙashin "Ko ba kai". Nan na miƙe tsaye. Na ce ni ɗan Audu Maƙeri, a raba ni da masaba? Me za a ce da ni a gari, maƙerin baka? Ya ce Ɗanladi yana nan, hannunsa bai karye ba. Kwana uku ina kumbura. Abin da ya fi ba ni haushi, da na sakar wa Ɗanladi uwar maƙerar, sai ga shi kunnuwan garmarsa sun fi nawa daidaita. Ashe shekara da shekaru na tsare masa wuri ina tsammanin taimakonsa nake yi. Har ya rasu ban faɗa masa wannan da bakina ba, ku 'ya'yansa da kuke karantawa ku riƙe, babanku ya fi ni hannu.

Gefen "Sai kai" kuwa kusan fayau yake, abu biyu ko uku. Na tsaya ina kallonsa na ce to ni yanzu aikin me zan yi, zaman kashe wando?

"Binne za ka yi," in ji Malam Tanimu.

Uwarku da ke bayan ƙofa tana miƙo ruwan alwala ta ce, "Subhanallahi, wa ya rasu?"

"Ba wannan binnen ba, Hajiya. Na manoma. Manomi mai wayo ba ya jiran ruwa ya sauka ya shiga rububin shuka. Tun ƙasa yana bushe yake binne irinsa, ranar da ruwa ya zo, shi yana kwance gonansa yana aiki. Mijinki kullum sai hadari ya haɗu yake neman inda ya ajiye iri."

Abin da yake nufi shi ne in tashi tun tsakiyar rani, ba wanda ya kira ni, in bi rugage da ƙauyuka in ga garemanin mutane a inda suke jingine, in kwaso masu buƙatar gyara, in san sababbi nawa za a nema, a ƙera su tun sararin sama yana fari tas. Na san binne yana da haɗarinsa, wani lokaci tsuntsu ya tone, wani lokaci yayyafi ya ruɗi iri ya tsiro ya ƙone. Zan iya zuba ƙarfe da gawayi in ƙera, mutane su tafi Doguwa su bar ni da kaya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ni na gaji da fafewa a bakin mota.

Wata Alhamis na goya shi a babur muka nufi Falgore. Muka bar kwalta muka shiga 'yar hanyar daji, yana bayana yana riƙe da hularsa yana cewa Kanawa ko tuƙi da gaggawar kasuwa suke yi. Muka isa rugar Ardo rana ta ɗaga. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata ɗorawa, Ardo ya fito da mamaki a fuskarsa, don tun da yake bai taɓa ganin maƙeri ya zo ruga ba a aika masa ba. Ana cikin gaisuwa, ko furar da aka kawo ba a taɓa ba, sai Malam Tanimu, mutumin tsari, ya zaro littafi da biro daga aljihu, ya gyara tabarau.

"To Ardo, don mu san abin da za mu shirya, shanu nawa gare ku a rugan nan?"

Dattawan da ke zaune suka sunkuyar da kai, wani ya tashi kamar an kira shi. Ardo ya kalli littafin, ya kalli biron, ya kalle ni. Baƙo da takarda a hannu, ya zo ruga yana tambayar yawan shanu! Mutanen da iyayensu suka sha fama da masu ƙidayar jangali, kuma ko ba wannan, wa yake ƙirga wa Bafillace dukiya a bainar jama'a? Malam Tanimu shanun huɗa yake nufi, don ya san garma nawa za a buƙata, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Shanu na Allah ne, Malam," in ji Ardo a hankali. "Mu masu tsaro ne."

Na miƙa hannu na karɓe littafin na tura a aljihuna. Na ce, "Ardo, a yi haƙuri da shi, Bazazzagi ne. Mutanen da ba su bambance saniya da sa ba, ina za su iya ƙirga su? Ko ka faɗa masa, cewa zai yi saniyan ya haihu."

Wani dattijo ya fara ƙyaƙyatawa, sai dariya ta kama wurin, har Ardo ya rufe baki da gefen rawani. Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa, ya gane ya taka sawun ɓarawo, ya cire tabarau ya ce shi dai azumi ne ya hau masa kai. Na sha furata har na ga gindin ƙwarya, muka yi hirar mahaifina da mahaifin Ardo, da wata sarƙa da Audu ya ƙera musu wadda har lokacin tana aiki. Sai can na ce, "Ardo, ni ba shanu na zo gani ba, 'ya'yana na zo dubawa. Ina garemanin da suka fito daga hannuna? A nuna mini su in ga yadda suka kwana." Aka zagaya da ni bayan bukkoki. Na tsuguna ina shafa bakin kowace, wannan ta cinye, wannan kunnenta ya tsage, wannan tayarta ta tafi. Tara na gyara, sababbi huɗu. A kaina na riƙe, sai da muka hau kwalta na tsaya na mayar wa Malam littafinsa ya rubuta. Da ya gama rubutu sai ya ce, "Ka ga abin da ya sa na rubuta Sai kai." A ranar na gane aikina. Allo zai iya riƙe rana da suna, amma ba zai iya shan fura a ruga ba.

Aka kwaso garemanin Ardo, Malam ya rubuta ranar da za su koma, sauran kwana goma sha huɗu, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Bazara ta fara, zafi ya tsananta, da yamma akan ga gajimare yana taruwa ta gabas yana watsewa. Muna cikin wannan aikin, ranar wata Talata, ranar da babu Malam a zaure, sai ga Baffa Ila daga Badafi. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni shekara biyu ina ƙarami, mutum ne da ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Ya gina sabon zaure, yana son ƙofar ƙarfe mai ganye biyu kafin wata walima da zai yi ƙarshen mako. Na durƙusa na gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kuma ƙara da cewa ya san ba zan ba shi kunya ba. Ku yarda da ni, kalmar nan ta taho da kanta, har ta iso bakin haƙorana. Na waiwaya inda Malam yake zama, tabarma a naɗe. Babu wanda zai yi wasa ya cece ni. Sai allon kawai, da layi biyu a ƙarƙashin sunan Ardo. In na ɗauke mutum uku na sa su ƙofa, garemani ba za su tafi a ranarsu ba, kuma sama ba ta jiran walimar kowa.

"Baffa," na ce, "ba za ta samu kafin walima ba. Ranar Asabar ta sama, in Allah ya kai mu, ni da kaina zan kawo ta Badafi in kafa."

Ya dube ni kamar bai ji ba. "Sani, ni kake gaya wa Asabar ta sama? Ko jibin da kake ba bare, ni ban kai a ba ni ba?"

"Jibin ƙarya ce, Baffa. Na fi ƙarfin in yi maka ita."

Ya juya ya kalli bangon, ya daɗe yana kallo duk da ba ya karanta boko. "Wato wannan baƙin bangon ya fi ni," ya ce. Ya shuri takalmansa, ko ruwa bai sha ba.

Na shiga cikin gida na zauna. Uwarku ta ajiye mini ruwa ta ce, "Yau ka zama maigida, sai dai da tsada." Kuma da tsadar. Na kai ƙofar ranar Asabar ɗin da na faɗa, na kafa ta da hannuna, Baffa ya amsa gaisuwata a daƙile. Mun shirya daga baya, ya sa mini albarka kafin ya rasu, amma bai ƙara kawo mini ko gyaran lauje ba, Bebeji yake kai aikinsa. Har yau in na wuce ƙofar nan a Badafi sai na ji wani abu a raina. Ba na nadama, amma ba zan ce muku bai yi ciwo ba.

Ranar Alhamis ɗin da aka rubuta, muka loda garemani goma sha uku a a-kori-kura, Ɗanladi ya bi su har Falgore. Motar tana tashi Malam Tanimu ya ɗauki alli ya hau kan turmi, ya rubuta can sama inda hannu ba ya kaiwa: "Garman Ardo ya tafi." Na ce Malam, kai da ka koya mini boko, garma mace ce. Ya ce a Kano ke nan. Ya ce garman da ya tafi kafin ruwa, ya wuce a kira shi da sunan da Bakano ya ga dama, kuma in na isa in hau in gyara.

Bayan kwana tara ruwa ya sauka, ruwan shuka na sosai. Da safe na fito da shirin yaƙi kamar kowace shekara, na tarar da ƙofar rumfa wayam. Mutum biyu kacal, su ma sarƙa suka zo saya. Ga ƙamshin ƙasa, ga ma'aikata zaune suna kallona. Na koma ciki da sauri na ce wa uwarku shi ke nan, an gudu an bar mu, duk sun tafi Doguwa. Ta dube ni ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Alhaji, wa zai zo? Duk wanda ka saba gani a ƙofar nan yana zaginka a zuci, yau yana gonarsa. Ka zauna ka sha kokonka da zafinsa, yau shekara ashirin ban ga ka sha shi da zafi ba ranar ruwan farko."

Na zauna na sha. Koko ne kamar na kullum, amma ban manta shi ba.

Ardo bai zo ba sai bayan girbi, kamar yadda ya saba, kuma Allah ya sa ranar Litinin ce, Malam yana nan. Tun daga nesa na hango abin da ke ɗaure a bayan kekensa, an rufe da faifai. Ya sauke ƙwaryar da kansa ya ajiye a bakin ƙofar cikin gida. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sai ya ce yaransa sun matsa masa da tambaya, wai yaushe za a fara duba garemanin baɗi.

Malam Tanimu ya nuna allo da sandarsa. "An rubuta ranan zuwa ruganku tun shekaranjiya, Ardo. Kuma na rantse ba zan tambayi shanu ba."

Ardo ya yi murmushi ya juyo gare ni. "Ɗan Audu, ashe jibin taka ta iso. Har ta wuce ta zama shekaranjiya."

Sunan dai bai canza ba, mutanen gari ba sa mayar da abin da suka ba ka, Alhaji Jibi nake har gobe. Malam Tanimu ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuwa zauren nan, Litinin da Alhamis, bai taɓa cin tuwona da rana ba, bai kuma taɓa yarda garma mace ce ba. Duk abin da aka rubuta a allon an goge an sake sau dubu, ban da layin nan na sama. Tun da ya rasu, duk ranar da ruwan farko ya sauka nakan sa a kawo mini turmi in hau, in bi sawun rubutunsa da alli harafi bayan harafi. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, bana da ƙyar na sauko. Baɗi ɗayanku zai hau, kuma na fi son wanda ya yi gyaran nan, tun da na ga hannunsa yana kaiwa. Ya rubuta yadda ya gani: garman, ya tafi. Ba jibi ba, ranar da ruwan ya sauka.